Gishiri a Baƙin Man Mang Pilo

Wata uku Mang Pilo da Rodel, masu babur ɗin haya a Lipa, suna musun baƙin man injin wa ya fi kyau cikin masu arahar da suke saye a kanti. Suka juye tsohon man baburansu, kowa ya aika nasa ɗakin gwaji.

Da takardun suka iso, Rodel ya ga nasa lafiya lau. Ya buɗe ta Pilo, sai ya kife kan babur yana dariya har da hawaye.

"Mang, sun ce manka gishiri ne zalla! A me ka zuba musu?"

"A kwalbar ruwan kifin da matata ke sa wa miya mana."

Pilo ya fizge takardar yana tsalle.

"Ka gani? Na ci! Naka ko ɗanɗano babu!"