Abin da Likita Ta Gaya wa Malam Fini

Ni ce Barira mai tuwo, a saman wani tsohon bene a unguwar Xiaobei. Duk Bahaushen da yunwa ta taɓa kamawa a Guangzhou ya san ƙofata. A nan na san Moussa, mutumin Maraɗi, wanda ya koyar da Faransanci a gida kafin ya zo nan ya zama tafinta. Sinanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Aibinsa ɗaya, ba ka isa ka ce miya ta ƙare a gabansa ba.

"Fini," sai ya ce, ya ajiye cokali, karatu ya tashi. Wai Faransawa na cewa finir, 'yan Italiya finire, masu Fotugis findar, duk jikokin Latin ne, daga finis, wato iyakar gona. Wai acabou, wato ta ƙare, da 'yan Angola ke faɗa a cikin lif daga kalmar kai ta fito, ka kai abu har kansa ke nan. Tuwo na hucewa, shi yana can Rum. Shi ya sa muka sa masa Malam Fini.

Ba mai tsokanarsa kamar Sharfaddeen, ɗan Fagge mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu, kuma ba wanda yake so kamarsa. Tare suke kasuwa, tare suke masallaci, kwano ɗaya nake zuba musu. Sai Sharfaddeen ya fara ramewa, idonsa ya yi ɗorawa, abinci ya ƙi zama. Da aka kwantar da shi a asibiti, Moussa ne bakinsa, shi ne kunnensa.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito ina wurin, na kai kunu. Likitar ta kira Moussa waje, na bi su, ya fassara mini da muryar da ban san shi da ita ba. Ciwon daji ne a hanta, ya bazu, ba aikin da za a yi. In yana son gida ya tafi yanzu, tun ƙafarsa na ɗaukarsa, don nan gaba jirgi ba zai karɓe shi ba.

Muka koma ɗaki. Sharfaddeen ya ɗago kai.

"Malam, me lawban ɗin ta ce?" Haka yake kiran likitar, wato shugaba da Sinanci.

"Ta ce da sauƙi. A ci gaba da magani, a yi ta addu'a."

Na ja shi baranda. "Malam, ba haka ka gaya mini ba."

"Hajiya, na san kalmar nan a harshe biyar," in ji shi. "Amma a wurinmu wa ke duban idon majinyaci ya ce masa ta ƙare? Rai a hannun Allah yake."

Na ji haushinsa ƙwarai, sai dai ba ni da bakin magana, don haka aka raine mu duka. Ko mutum ya kai gargara, da sauƙi ake cewa. Masu zuwa dubiya haka suka ce. Innarsa ta kira daga Kano, haka aka ce mata, ta yi hamdala ta ce ya zauna ya warke tukuna.

Shi kuwa ya yarda. Har tikitinsa na komawa gida ya sa aka ɗaga.

"Ba zan je wa Inna a haka ba," ya ce. "Bari in yi ƙiba."

Moussa ya yi dariya tare da shi, ya fita ya daɗe bai dawo ba. Kullum sai ya ce mini gobe zai gaya masa. Ni kuma kullum ina dama kunun da ba a sha.

Ciki ya kumbura, ƙafa ta ƙi taka ƙasa, aka sa masa robar numfashi a hanci. A lokacin ne shi da kansa ya ce mu kai shi gida. Moussa ya bi kamfanonin jirgi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sai likita ta amince. Likitar ta dube shi, ta girgiza kai. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Da la'asar muka shiga ɗakin. Moussa ya zauna bakin gado, ya buɗe baki, ya kasa. Tausayinsu ya kama ni, su biyun. Sharfaddeen ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe likitar ta gaya maka?"

Moussa ya sunkuyar da kai.

"To. A garin nan ina ake kai namu?"

"Akwai maƙabartar Musulmi, can bayan gari."

"Ka je gobe ka dubo mini wurin," in ji Sharfaddeen, ya juya fuskarsa bango. "In ka dawo ka faɗa mini yadda ka gan shi. Kar ka gyara."