Yawo a Kan Gonar Kawu

Da Lawwali ya ce zai gina masaukin hutawa a bakin fadama, dariya aka yi masa a kasuwar Illela. 'Yan albasa abokan cinikinsa suka ce wa zai baro gidansa da fanka da firji, ya zo wani ƙauye a gefen Lafani sauro ya ci shi, kuma ya biya? Shi kuwa ya taɓa kwana a irin wannan wuri a hanyar Yamai, ya ga manyan mutane zaune ba abin da suke yi sai kallon ruwa, da za su tafi har godiya suke yi. Tun daga ranar abin ya shiga ransa, kuma Lawwali in abu ya shiga ransa, ko mahaukaci ka kira shi sai ya amsa ya ci gaba da abin da yake yi.

Filin ma ba saye ya yi ba. Kawunsa Sahabi, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa har ya ɗora shi a kan kasuwa, shi ya hau da shi wani tudu a bayan ƙauyen ya ce ya gina abin da ya ga dama. Lawwali ya yi ɗaki uku da rumfar zana mai kallon gabas, ya sa sola, ya jera kujerun roba. A gindin tudun gonakin ƙauyen suke shimfiɗe, ta Kawu Sahabi ce babbar da ke tsakiya.

A ƙarshen daminar bana, gero ya nuna ana shirin girbi, sai ruwa ya gangaro daga arewa ya cika fadama ya haura. Aka wayi gari ba gona ko ɗaya, sai ruwa har inda ido ya tsaya.

To, a ƙasar nan in abu irin wannan ya sami mutum, ba a aika saƙo, ba a buga waya. Da ƙafarka za ka je, ka durƙusa, ka yi jaje. Ko bare ne kai za ka je, balle ɗan da aka rena. Lawwali ya san haka sarai. Ranar da labari ya iso shi yana tsakiyar lodin mota, ya ce gobe. Da goben ta zo sai ya ga bai kamata ya je hannu rabbana ba, bari ya haɗa buhun shinkafa tukuna. Kafin buhu ya haɗu an shiga wani mako, sai kuma kunyar jinkirin ta kama shi: in ya je yanzu, ina zai ce yake tun tuni? Haka abin ya yi ta nauyi, kullum zuwan ya fi na jiya wuya. Har ya kai in zai je duba masaukin sai ya bi ta hanyar baya, don kada ya ratsa ƙofar gidan Kawu.

Ana cikin haka Alhaji Abdulaziz ya bugo daga Kaduna. Shi ne babban mai sayen albasar Lawwali, kuma tun bara Lawwali yake cika masa kunne da labarin masauki. Ya ce ga shi nan tafe da iyalinsa, Hajiya Latifa, za su ɗan huta. Irin baƙin da aka gina wurin dominsu ke nan, kuma su ne na farko. Kafin su, sai direbobin da mota ta lalace musu.

Lawwali ya zage. Ranar Lahadi ya kai su kasuwa, suka shiga kara suka ga raƙuma da shanun Azawak masu jan jiki. Ya kai su bakin iyaka ya nuna musu hanyar Ƙwanni, ya sa wani ɗan canji ya nuna wa Hajiya takardun sefa. Ya kai su Amarawa suka ga rudun albasa, rumbunan kara da ake ajiye ta har ta yi tsada. Alhaji ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, amma mutumin da ya shekara talatin yana cinikin albasa ba za ka burge shi da rumbunta ba. Hajiya kuwa rana ta dafa ta, ta ce ita fa ƙafafunta sun gaji.

Washegari da hantsi suna shan shayi a rumfa, iska na kaɗawa, ruwan nan yana ta sheƙi, tsuntsaye suna sauka garke-garke. Hajiya Latifa ta ajiye kofi.

"Malam Lawwali, ka yi ta yawo da mu cikin rana, ga abin kallo a ƙofar ɗaki ka ɓoye mana. Wannan tafkin ba a shiga ne?"

Nan ne wurin da ya kamata ya ce, Hajiya ba tafki ba ne, abincin mutane ne a ƙarƙashi. Maganar ba ta da tsawo. Amma in ya faɗa, Alhaji zai tambayi gonakin su wa ne, kuma zai ce a tashi a je jaje, don shi mutum ne mai kiyaye irin wannan. Daga nan kuma komai zai fito fili. Ga shi kuma karo na farko ke nan da ya ga fuskar Hajiya ta saki tun zuwansu.

"Ana shiga mana, Hajiya," in ji Lawwali. "Tsohon tafki na. Tun kakanni."

Ya zagaya bayan ɗaki ya kira Idi masunci, mai kwalekwale ɗaya tilo a ƙauyen. Idi ya saurara har ya gama.

"Yawo? Bisa ruwan ga?"

"Ɗan zagaye ɗai na, Idi. Ka bi da mu ta yamma, kak ka yi wajen gonaki."

"To ina na ba gonaki ba?" in ji Idi. Amma ya ce zai zo.

Lawwali yana da rigunan hana nutsewa da ya sayo a Sakkwato, masu launin lemo, an rubuta sunan masaukin a baya. Tun da ya saye su ba a taɓa sawa ba. Ya raba wa baƙi, shi ma ya ɗora tasa a kan farar shadda, ya maƙala baƙin tabarau. Idi ya iso da gwangwalarsa, wandonsa jiƙe har cinya. A cikin jirgin duk ƙaiƙayi ne da ɓurɓushin gero, Lawwali ya yi sauri ya share da ƙafa ya shimfiɗa tabarma.

Da farko abin ya tafi daidai. Idi ya bi gefen yamma kamar yadda aka ce masa. Hajiya ta ɗaga waya tana ɗauka, tana cewa wallahi 'yan'uwanta ba za su yarda a Sakkwato take ba. Alhaji ya tsoma hannu a ruwa kamar yaro. Shi kuwa Lawwali yana jin cikin jirgin yana gogar karan da ke ƙasa, shuu, shuu.

Alhaji ya leƙa. "Wannan ciyawar kamar gero."

"Haka take, Alhaji. Wata irin ciyawar ruwa ta."

Idi ya yi tari ya tofar a ruwa.

Sai Hajiya ta hango inda tsuntsayen suka fi taruwa, can tsakiya, bayan wani gawo da ruwa ya ci rabinsa. Kirinjijiya ne da balbela da ƙananan jan-baki, suna tashi suna sauka. Ta ce don Allah a kai ta can. Lawwali ya ce can akwai zurfi. Alhaji ya juya ya tambayi mai jirgi ko da gaske ne, Idi kuwa ba mutumin da zai yi wa dattijo ƙarya don wani ba ne.

"Babu zurfi, Alhaji. Iyaka ƙirji."

"To mu je mana."

Lawwali ya san abin da ya tara tsuntsayen. Tsuntsu ba ya taruwa don kyan wuri, hatsi yake ci. Ya san kuma gonar wa ce a bayan gawon nan, don a ƙarƙashinsa yake cin fura yana yaro in an tashi daga noma. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin rigar lemon.

Suna zagaya gawon sai ga mutane. Maza ne wajen goma a cikin ruwa, wasu iya ƙugu wasu iya ƙirji, kowa da 'yar wuƙa, suna laluben zangarniyar da ta rage a sama suna yankewa suna jefawa a daro. Darukan suna yawo a gabansu. Rabin abin da suke yankowa ya yi baƙi, wani ma har ya fara tsiro. Wari mai tsami ya bugo jirgin. A tsakiyarsu ga wani tsoho ba riga, ruwa har ƙasan gemunsa in ya sunkuya, hular kansa ce kaɗai busasshiya.

Hajiya Latifa ta sauke wayar a hankali.

Tsohon ya ɗago, ya kare ido da hannu. "Wa nika gani haka? Lawwali na?"

Lawwali ya fizge tabarau, ya rasa inda zai sa shi. A cikin kwalekwale ba a durƙuso, sai ya dunƙule a inda yake. "Ni na, Kawu."

Kawu Sahabi ya turo daronsa ya taho, yana ɗaga ƙafa da ƙyar cikin laka, har ya kama bakin jirgin. Fatar hannunsa ta yi fari ta yamutse. Ya dubi baƙin, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Marhabin, marhabin. Daga ina baƙinmu?"

"Daga Kaduna, Baba," in ji Alhaji.

"Kaduna. Ikon Allah. Tun daga Kaduna kunka taso don ku yi muna jaje? Har cikin ruwa? Kai, Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci."

Alhaji Abdulaziz ya dubi Lawwali sau ɗaya. Kallon bai daɗe ba, amma Lawwali ya gwammace a ce mari ne. Sai Alhaji ya kwance igiyar rigar lemon, ya cire ta ya ajiye a ƙasan jirgi, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, ashe abin da ya faru ke nan. Sannunku. Allah ya mayar da mafi alherinsa, ya sa iyakar wahalar ke nan. Allah ya ba da haƙuri."

Ya ɗaga murya ya yi wa sauran mutanen ma, ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa da amin. Hajiya ta ja mayafi ta yi nata. Ba wanda ya tona Lawwali. Da a ce Alhaji ya zage shi a gaban jama'a, da ya sami abin riƙewa, amma rufin asirin da aka yi masa ya fi komai ciwo. Da aka zo kansa, jajen da ya yi ta ɗauka yana ajiyewa ya fito ɗan mitsitsi.

"Kawu, sannu da wannan abu."

"Yawwa, ɗana. Yawwa." Kawu ya waiwaya ya kira wani mai faɗin kafaɗa da ke can gefe. "Mukhtar, kai da kac ce ba shi zuwa, ga shi nan. Na hwaɗa maku wani abu ar riƙe shi. Ɗan da ni rena ba shi barin jaje. Ga shi har da manyan mutane yaz zaka."

Mukhtar ya ɗago. Ya dubi rigar lemo, ya dubi tabarmar da aka shimfiɗa, ya dubi Idi, ya koma ga yankansa. Ashe har gardama aka yi a kan Lawwali, kuma tsohon nan shi kaɗai ya tsaya masa. Kunya ta rufe Lawwali har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ji ba zai iya ci gaba da zama a busasshe ba. Ya cire takalmi, ya zura ƙafa ɗaya a ruwa.

"Kawu, ba ni wuƙar."

Tsohon ya dafe masa gwiwa ya mayar da ƙafar cikin jirgi. "A'a. Kak ka ɓata kayanka, ga ka da baƙi. Zuwan da ka yi ya isa." Ya juya ga mai jirgi. "Idi, in ka sauke su ka komo, darukan sun cika."

Ya saki bakin jirgin ya koma da baya, yana ɗaga musu hannu.

Idi ya kafa gwangwala ya juya kan kwalekwalen zuwa gida. Da jirgin ya gama juyawa Lawwali ya ɗago kai, karo na farko da ya ga tudunsa daga nan ƙasa. Bai taɓa sanin haka yake kusa ba. Ga rumfar zana, ga kujerun roba, har kofunan shayin da suka bari a kan tebur ana gani. Ga kuma motarsa fara a gefen rumfa, a daidai inda yake ajiye ta duk ranar da ya biyo ta hanyar baya.