Jerin da Sadiƙa Ta Buɗe wa Baki

...kore! Duk layukan gwajin sun fito kore, alamar nasara, wallahi. Sadiƙa ta ƙura wa kwamfuta ido a zauren gidansu na garin Isa. Kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar na'ura ya ce in gwajin nan ya wuce yau, aiki nata ne, daga gida, ba sai ta bar Inna da ciwon ƙafa ba. To ga shi ya wuce. Wa ya ce 'yar asalin ƙauyen Tozai ba ta iyawa? Wa?

Mako guda tana shan wuya. Ta yanka wa jerin bayanai girma tun farko, saƙonni suka yi masa yawa, ya tumbatsa. Ashe SystemVerilog, yaren kwamfutar da take rubutu da shi, ya yarda a bar bakin jeri a buɗe, sai aiki ya kankama a faɗi girmansa. Ta buɗe, ta faɗaɗa — komai ya ɓace! Fanko. Har kuka ta yi, ita da ba ta kuka...

Sai ta tuna Kawu Marwan a gindin tsohon rumbu, shekarar da gero ya yi albarka har aka tashi gina babba, yana daka wa masu gini tsawa: "Ku kwashe hatci tukuna, kana ku rushe! Za ni gona, in dawo in iske aikin banza?" Ita tana gefe tana dariyar gemunsa da ya sha laka. Kwashe tukuna. Sabon jeri ba ya gadon na tsoho, sai an ce masa ya ɗauko. Kalma ɗaya, sunan tsohon jerin, cikin baka biyu — shi ke nan fa! Abin da ya hana ta cin tuwo ke nan?

Ta ɗaga waya sama, sama, tana farautar sabis ɗin Nijar na tsallaken iyaka... ya kama... sakamako ya tafi kamfani. Alhamdu lillahi! Daɗi kamar ta yi guɗa, sai dai Inna na barcin rana.

Amsa har ta iso: madalla, gobe ki fara ainihin ƙwaƙwalwar.

Ainihin... Ai wannan buɗaɗɗen jeri a gwaji kaɗai yake rayuwa. Abin da za a ƙera ba ya miƙewa. Dole ta faɗi girma tun kafin saƙo ɗaya ya zo, kuma in an ƙera an ƙera. Nawa za ta ce? Ta jingina kai da bango, murmushin bai gama sauka ba. Nawa...