Ɗakin Mama a Hoto Ɗaya

"Ƙaramar lamba ita ce babba," in ji mai shagon, yana ɗora gilashin kyamara na uku a kan kanta.

Auta ta tsaya tana kallonsa. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da lissafi a sakandare, ba ta taɓa jin mai hankali ya faɗi haka ba.

"Don Allah sake faɗa."

"Malama, mai lamba goma ya fi mai ashirin da huɗu kwasar wuri. Kina rage lamba, hoto yana buɗewa. Miƙo kyamarar mu gani."

Ta ciro ta daga jaka. Ta Yayanta ce, ya bar mata lokacin da aiki ya kai shi nesa. Mai shagon ya jujjuya ta a hannu, ya ce ai marar madubi ce. Auta ta ce ita dai ba ta taɓa ganin madubi a jikin kowace kyamara ba. Mutumin ya yi dariya har tabaraunsa ya zamo, ya ce madubin a ciki yake, amma wannan ba ta da shi, saboda haka ba kowane gilashi ne zai zauna a bakinta ba.

Abin da ya kawo ta ba wasa ba ne. Gobe da safe za a kwashe kayan Mama daga gidan da ta yi shekara talatin a ciki, ta koma wurin Auta da zama. Mantuwa ta yi wa Mama yawa: sau biyu tana barin wuta a kunne, ran nan kuma ta fita siyan sabulu ta kasa gane hanyar gida. Likita ya ce in ana so hankalinta ya kwanta, a jera mata sabon ɗakin daidai da tsohon, kome a mazauninsa. Jiya Auta ta je ɗaukar hoton ɗakin. Ta ja baya har ƙeyarta ta bugi bango, kyamarar ba ta kama kome ba sai rabin gado da ƙafar kabad. Ta gwada waya, ɗakin ba haske, hoton ya fito dishi-dishi.

"To ba ni mai goman," ta ce.

"Tsaya tukuna. A kyamararki goma ba goma ba ce, sha biyar ce."

"Ikon Allah! Ina biyar ɗin ta fito?"

"Idonta na ciki ƙarami ne, sai a ƙara rabin lambar a kai. Sannan ga wata lambar a gefe, ta haske. Ita ma ƙaramar ce babba."

Auta ta dafe goshi. Ta kira Yaya a waya. Yana cikin hayaniya, ya ce lallai ta ɗauki mai zuƙowa, kada ta yarda a ba ta wanda ba ya motsi. Mai shagon, da ke jin kome, ya girgiza kai ya ce mai zuƙowar ba ya son duhu. Yaya ya ce a ba shi mutumin. Suka shiga musu, lambobi na ta tashi, Auta na tsaye a tsakiya kamar wadda ta shigo ajin da ba nata ba. Da ta karɓi wayarta, Yaya ya ce, "Kin dai gane ko?" Ta ce ta gane, don kawai ya ƙyale ta.

Mai shagon ya ɗaura mata wani mai ƙullutun ido, ta leƙa. Shagon gaba ɗaya ya shigo, har da takalminta, amma kantar ta lanƙwashe kamar baka, hancin mutumin ya cika rabin duniya. Ta sauke da sauri.

"Wannan zai sa Mama kuka. Bawan Allah, bar ni da lambobin nan. Ɗaki ne taku huɗu da taku uku, taga ɗaya, kuma ina so bango ya tsaya a miƙe."

"Ai da tun farko haka kika ce," in ji shi. Ya jawo wani ɗan gajere daga ƙasan kanta. "Sha ɗaya, mai shan haske. Ki tsaya a kusurwa, kada ki karkata hannu."

La'asar ta yi lokacin da ta isa gidan. Mama na zaune a bakin gado tana ninke ɗankwalin da ta riga ta ninke. Auta ta gaishe ta, ta shige kusurwar bayan ƙofa, ta riƙe numfashi ta danna.

Kome ya fito. Gado, kabad, rediyo a kan akwati, agogon bango da ya tsaya tun bara, keken ɗinki da mayafinsa, har ƙusar da ake rataya makulli. Daɗi ya kama ta. Ta zauna kusa da Mama ta nuna mata.

Mama ta kawo fuskarta dab da hoton, ta daɗe tana dubawa.

"Masha Allah. Gidan wa kika je?"

"Mama, ɗakinki ne. Ga ki nan a zaune."

"A'a. Wannan ai falon masu hali ne. Dubi inda taga take, sai an yi tafiya. Ni tawa ga ta nan." Ta miƙa hannu ba tare da ta juya ba, ta kama labule. Ta sake miƙawa ta ɗaya gefen, yatsunta suka sauka a kan rediyo. "Waccan baiwar Allah kuwa, an bar ta ita kaɗai a wannan uban fili. Ba ta da 'ya'ya ne?"

Auta ta sake duba hoton. Ba abin da ya ɓace a ciki, kuma ba ƙarya Mama ta yi ba.

Ta ajiye kyamarar a kan keken ɗinki, ta cire takalmi, ta hau gadon ta kwanta ta jikin bango. Ta miƙa hannun dama: labule, daidai wuyan hannu. Ta miƙa na hagu: rediyo, sai ta ɗan ɗaga kafaɗa. Kofin ruwa yana ƙasa, tsawon hannu ɗaya. Ta rufe ido tana maimaitawa a ranta don gobe ta jera sabon ɗakin haka, ta sake gwadawa daga farko.

Mama ta taɓa ƙafarta.

"Auta, matsa. Kin kwanta a wurina."