Hannun Tela

Tun da sassafe tsohon Direba ya san yau akwai baƙi a gidan tsofaffin. An wanke baranda da sabulu mai ƙamshi, an canza zannuwan gado, shi kuma aka tura kekensa bakin taga aka ajiye shi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan manyan hanyoyi ko banɗaki ba ya zuwa sai an kai shi.

Ɗaki ɗaya suke da Tela, wanda tsufa ya rikita wa tunani. Tela ba ya cutar da kowa, ƙafarsa ce dai ba ta zama. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya nufi titi, wai zai kai wa mutane ɗinkinsu. Doguwa, ma'aikaciyar da ke kula da ɓangarensu ita kaɗai, ta gaji da binsa, sai ta koma ɗaure masa hannu a ƙarfen gado da tsohon zani duk lokacin da za ta yi wa sauran wanka.

"Baba, kai shaida ne," ta ce wa Direba da safen nan tana shafa masa mai a baya. "Hannu biyu gare ni. In ya fita mota ta kaɗe shi, wa za a kama?"

Ita ce ke juya Direba don kada bayansa ya yi gyambo, ita ce ke tsokanarsa in tana tura keken: "Direba, rage gudu, akwai kwana a gaba!"

Wajen hantsi mai bincike ta shigo, wata mace mai sanyin murya, Manaja na biye da ita yana ta washe baki. Ta roƙe shi ya ba su wuri, ya fita ba da son ransa ba. Ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, an kawo mana ƙorafi cewa ana ɗaure mutane a gidan nan. Ka taɓa gani?"

Direba ya dubi taga. Ɗansa ya riga ya faɗa masa, kansa a sunkuye, cewa ɗaki ɗaya suke ciki da mata da yara. In aka rufe gidan nan, ina za shi? In ya yi magana Doguwa ta tafi, in ya yi shiru Tela ya ci gaba da shan ɗauri. Gaba kura, baya sayaki.

"Lafiya lau muke, 'yata," ya ce.

Ta fara miƙewa ke nan sai Tela ya yi magana daga gadonsa. An sa masa riga mai dogon hannu, ba a ɗaure yake ba, amma ya manna hannunsa a jikin ƙarfen kamar yadda ya saba.

"Direba, kwance ni mana. Masu kaya suna jira."

Direba ya juyo ga mai binciken.

"'Yata, naɗe masa hannun rigar nan."

Ta naɗe. Fatar wuyan hannun ta saɓule, ta yi baƙin zobe.

"Kin gani," ya ce. "Amma don Allah ki tambayi Manaja tsofaffi nawa ya jibga wa yarinyar nan ita kaɗai."

Ta ce za ta tambaya, kuma ta tambaya. Manaja ya rantse bai san komai ba, aka ja masa kunne, aka ce ya ƙaro ma'aikata. Doguwa kuwa kafin sati ya zagayo an sallame ta. Ranar da za ta tafi ta shigo ta gyara wa Direba matashi, ta juya shi ta ɓangaren da yake so. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Bar shi, Baba," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Aka mayar da Tela ɗakin ƙarshe, mai ƙofa da makulli. Sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo ita ma ita kaɗai ce, tun safe take gudu daga ɗaki zuwa ɗaki. Da rana, in gidan ya yi tsit, Direba yakan ji Tela yana buga ƙofa yana kiran sunansa.

"Ina jin ka, Tela!" yakan ce da iyakar muryarsa. "Yi haƙuri, yanzu za a zo."