Filin Fensir

Auta na cikin duba shafi na arba'in da wani abu sai hannunta ya tsaya. Takardun gwaji ne a gabanta, waɗanda aka fitar da safe don ta yi musu kallon ƙarshe kafin a ɗora littafin kan inji da la'asar. Ta karanta aikin da ke shafin, inda aka ce a rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Ba tare da ta yi niyya ba ta zaro fensir daga bayan kunnenta, ta kai shi ƙasan tambayar don ta rubuta amsa. Babu wuri. Darasi na gaba ya manne da tambayar, ko layi ɗaya ba zai shiga ba.

Ta juya shafi, ta sake juya wani. Duk haka suke, cike taf.

Littafin na Babanta ne, littafin koyon rubuta manhajar kwamfuta ga wanda bai taɓa yi ba. Ya rasu ya bar shi a cikin tsohuwar kwamfutarsa, 'yan gida kuma suka ce ai ga Auta tana aikin tsara shafuka a maɗaba'a, ita za ta fito da shi. Da ta fara buɗe shi ta tarar kowane aiki da farin fili a ƙasansa, wani rabin shafi, wani ma ya fi. A wurin aikinta shafi mai rabi babu komai abin kunya ne. Don haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cike, ta ja darussan sama, har Manaja ya yaba ya ce littafin ya zauna kamar an yi masa guga. Sararin da ya rage ta mayar da shi farkon littafin, ta cike shi da hoton Baba, jawabin Yayanta, addu'o'in Goggo, da gabatarwar da ita kanta ta rubuta.

Yanzu ga fensir a hannunta, sai shagon Baba ya dawo mata. Ɗaki ne ɗan ƙarami a bayan wani mai gyaran agogo, da benci biyu da fanka mai kuka. Kwamfuta ɗaya ce tak, an lulluɓe ta da tsohon labule, masu koyo kuwa sun fi goma, ga wuta sai ta ga dama take zuwa. Dokar Baba ita ce babu mai taɓa madannai sai ya rubuta umarninsa da fensir a ƙasan tambaya, ya bi shi da yatsa layi-layi yana faɗin abin da kwamfuta za ta yi. Akwai robar goge rubutu da ya ɗaure da zare a ƙafar tebur saboda yawan ɓacewarta, kowa sai ya taso ya zo wurinta, don haka duk wanda ya yi kuskure aji ya sani. Ita Auta kullum ƙirgarta a tara take tsayawa. Baba zai sauke tabarau ya dube ta.

"Auta, ina kika baro na goman? Ko ya tsaya shan ruwa?"

Aji ya kwashe da dariya, ita ta tafi wurin roba kanta a ƙasa. Shekarunta nawa tana rubutu a wannan filin, amma da ta gan shi a allon kwamfutar ofis sai ta ɗauka Baba ne bai iya tsara shafi ba.

Ta tarar da Manaja a bakin inji yana faɗa da mai yanka takarda. Ta jira ya gama, ta yi masa bayani. Ya saurare ta yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi bai hana ta mayar da filayenta ba, amma ta san yadda abin yake, babbar takarda ɗaya shafi sha shida take bayarwa, kuma an riga an yanka daidai ta littafin, ko ƙyalle bai rage ba. Wata takardar sai wata mai zuwa, ga littattafan makarantu sun yi layi suna jiran injin. Idan littafin bai hau yau ba, sai bayan su.

"Adadin shafin nan ba zai motsa ba, 'yar Malam. Abin da kika zuba a ciki kuma ruwanki."

Ta koma teburinta ta fara gwaji. Ta rage girman haruffa kaɗan, sai ta ga alamomin umarnin sun soma kama da juna, ɗigo da waƙafi ba sa rarrabuwa, mai koyo zai sha wuya. Ta mayar. Ta matse gefen shafi, ta tuna ɗinkin littafin zai cinye farkon layuka. Ta mayar. Ta cire wasu hotunan allo da ba su ƙara komai ba, ta samu 'yan shafuka, amma ba su isa ba. Wuri ɗaya ne kawai ke da abin da take nema, shafukan farko na 'yan gida, kuma tun ɗazu take ƙin kallonsa.

Gabatarwarta ta fara gogewa, wannan bai yi mata wuya ba. Daga nan ta kira Yaya. Ko gama bayani ba ta yi ba ya fara. Ya ce wata guda ya yi yana rubuta jawabin nan, har matarsa ta yi kuka da ya karanta mata, yanzu a ce a cire shi don a buga farar takarda? Wa zai sayi littafi ya tarar rabinsa wayam? Kuma wane yaro ne yau ba shi da waya a hannu da zai zauna yana rubuta manhaja da fensir?

"Ke fa tun kina ƙarama haka kike, sai an gama shiri ki ce kin manta takalmi. To ki kira Goggo da bakinki, ni babu ruwana."

Ba ta kira Goggo ba, Inna ta kira. Ta ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya, sannan muryarta. Auta ta faɗi komai a hankali, ta bar maganar hoton a ƙarshe, don Inna ce ta zaɓe shi da kanta, ta naɗe shi a hankici ta kawo har ofis.

"Wannan hoton ma ai da ƙyar aka ɗauke shi," in ji Inna. "Yana ta cewa a yi sauri ya bar yara a shago." Ta ɗan yi dariya. Ta ce farkon aurensu duk aljihun da ta zazzage kafin wanki sai guntun fensir ya faɗo, har ta tara su a gwangwani. Ta ce a dawo mata da hotonta kada ya lanƙwashe, Yaya kuma a bar mata shi, Goggo dai sai an yi haƙuri da abin da za ta faɗa.

Auta ta yi aikin ba ta ko tashi cin abinci ba. Ta buɗe ainihin rubutun Baba a gefe ɗaya tana auna kowane fili. Sai a lokacin ta lura ba daidai suke ba. Inda aikin ke da sauƙi ɗan kaɗan ya bari, inda ya san za a goge a sake, ya bar wuri har biyu. A ƙasan aikin ƙirga kusan shafi guda ya bari, alhali amsar ba ta wuce layi uku ba. Ta daɗe tana kallon wannan kafin ta wuce.

Da la'asar Manaja ya karɓi sabon gwajin, ya bi shi da babban yatsa, ya girgiza kai. Ya ce tun da yake bai taɓa ɗora shafuka masu sauƙin tawada irin waɗannan ba. Ya miƙa wa mai inji.

Kwafi ɗaya ya rage a teburinta. Ta buɗe shafin ƙirga, ta rubuta layukanta uku a farin filin, ta bi su da yatsa tana motsa leɓe yadda aka koya mata. Ɗaya, biyu, uku. A tara ta tsaya.

Can ciki injin ya tashi. Auta ta jawo aljihun tebur tana laluben roba.