Gicciye Goma Sha Bakwai

Kafin Don Anselmo Cepeda ya mallaki masana'antar birki a Saltillo, ƙaramin maƙeri ne a bakin hanyar Monterrey. Abin da ya fara ci da shi gicciyen ƙarfe ne, irin wanda dangi ke kafawa a inda mota ta kashe musu mutum. Arziki ya zo, ma'aikata suka kai ɗari huɗu, amma bai rushe tsohuwar maƙerar ba. Tana nan bayan ofis. Duk wanda ya zo neman gicciye, da kansa yake hura wuta ya ƙera masa, ko peso ɗaya ba ya karɓa.

Ran Litinin da hantsi yana shan kofi a ƙofar maƙerar, sai ga wata mata cikin baƙin mayafi. An yi ruwa da asuba, harabar duk caɓi, amma takalmanta a bushe suke.

"Don Anselmo, gicciye nake so. Goma sha bakwai."

"Allah ya ba ku haƙuri, Doña," ya ce, yadda ake kiran mace da girmamawa a can. "A ina abin ya faru?"

Ta miƙa masa takarda. Sunaye ne a jere, da kwanar dutse a kan hanyar Ciudad Victoria, da rana. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan ai Alhamis mai zuwa ce."

"Shi ya sa na zo da wuri," in ji ta. Ta juya ta fita, mai gadi bai ko ɗaga kai ba.

Motocin safa na kamfani ɗaya ne ke bin wannan hanya, kuma a wannan Litinin ɗin ne masana'antarsa za ta loda musu gangar birki ɗari uku, ƙarfen nan mai zagaye da ke kama taya. Kwangilar da 'yarsa Ofelia, mai kula da ofis, ta shekara biyu tana bi ke nan.

Ya ɗauki ƙaramar gudumarsa, ya nufi wurin lodi, ya ce a sauke komai.

Ofelia ta fito da gudu. "Baba, injin ya gwada su ɗaya bayan ɗaya! Kai kuma za ka bi su da guduma kamar mai zaɓen kankana?"

"Kankana ma sai an buga ake sanin cikinta, 'yata."

"Masu motocin sun ce yau ko a fasa kwangilar. Ga Zertuche can tsallaken titi, bakinsa a buɗe yana jira."

Fidencio Zertuche shi ma birki yake ƙerawa, kuma shekara goma sha biyu ba ya magana da Don Anselmo.

Tsoho ya ɗaga gudumarsa. Aka rataya gangar farko, ya buga. Ta yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar coci. Ta biyu haka, ta goma haka. Ma'aikata suka fara murmushi suna taɓa juna. Rana ta take, ta karkata, yana nan yana bugawa yana kasa kunne. A ta ɗari da arba'in sai ƙarar ta mutu, kwaf, kamar an buga tukunya mai tsaga. Murmushi ya ɗauke. Ya sa aka fasa ta, cikinta duk ramuka kamar saƙar zuma. Kafin a tashi ya ware tara irinta.

"To a cire taran, a tura sauran," in ji Ofelia, murya ƙasa-ƙasa.

"Tukunya ɗaya ta dafa su duka. Kunnena ya tsufa, ban san nawa suka wuce ni ba. Ba mai fita."

Washegari kwangilar ta koma hannun Zertuche. Ofelia ta kawo wa mahaifinta abinci, ta ajiye, ta juya ta fita.

Ran Laraba da tsakar rana matar ta dawo. Ya same ta tsaye cikin maƙerar, kusa da murhun da bai hura ba.

"Ban ƙera ba, Doña," ya ce.

"Na gani. Ba ni takardata."

Ya miƙa mata. Ya saci kallo, ranar tana nan yadda take, sunayen ma ba wanda ya ragu. Ta ninke ta, ta fita ta babbar ƙofa, ta tsallaka titi a hankali, motoci na wucewa ba mai yi mata oda. Ta je ta tsaya a ƙofar Zertuche, inda ake ɗora gangunan birki a kan manyan motoci, tana kallo kamar mai ƙirga kayanta.

Don Anselmo ya sa hularsa, ya cusa guduma a aljihu. Ofelia ta tare shi a ƙofa.

"Ina kuma za ka, Baba?"

"Wurin Fidencio."

"Karnuka zai sakar maka. Ya ƙwace maka aiki, kuma ka je ka gwada masa kaya kyauta?"

"Gobe Alhamis," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi tsallaken titi. Ita dai motoci da masu lodi kawai take gani. Ta koma da sauri ta ɗauko igiyar da ake rataya gangunan da ita a buga, ta bi shi a baya.